Yaro Mai Yawan Tambaya: Rashin Kunya Ne Ko Neman Sani?

Shekaru masu yawa an koya wa yaran firamare a Nijeriya cewa wani Bature mai suna Mungo Park shi ne ya gano Kogin Kwara. Malami ya rubuta a allo, yara su maimaita da murya ɗaya, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa, ya ba su maki. Ga yaron Minna kuwa, wannan darasi yana da abin mamaki, gama kogin nan ta jiharsa yake ratsawa. Park ya fara ganinsa a Segu, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a 1796, ya kuma mutu cikin ruwansa a Busa wajen 1806, wurin da tafkin Kainji ya shafe tun 1968. Tun ba a haifi kakan Park ba, Nupawa suna kamun kifi a kogin, suna fito da mutane da kaya.

To, a ce wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe ba mutane a bakin kogin kafin ya zo?" Wani malami zai daka mata tsawa ta zauna, domin abin da littafi ya faɗa ke nan. Wani kuwa zai ajiye alli ya saurare ta. Wanne ne cikinsu ya yi tarbiyya?

Tsoron iyaye da malamai a nan ba na banza ba ne. Gida mai albarka yana koya wa ɗa ya gaida na gaba da shi, ya saurara in babba yana magana, kada ya katse shi. Ana gudun kada yaron da aka sakar wa baki a aji ya koma gida yana sa-in-sa da mahaifinsa. Amma akwai bambanci tsakanin gardama da tambaya. Mai gardama so yake ya kayar da abokin maganarsa, ko da gaskiya ba ta wajensa. Mai tambaya so yake ya gane, a shirye yake kuma ya sauke ra'ayinsa in an nuna masa dalili. Yarinyar nan ba ta raina malaminta ba. Ta ɗauki maganarsa da nauyi ne har ta auna ta da abin da ta sani, ta ga ba su daidaita ba, ta kawo wa wanda ta amince zai warware mata. Wannan ma girmamawa ce. Hausawa ba su ce matambayi ba ya ɓata don wasa ba.

Hadda ma tana da gurbinta. Yaron da bai riƙe jadawalin lissafi a ka ba zai sha wuya a sakandare, kuma ba a auna magana da kai wanda ba kome a ciki. Hadda harsashi ce. Damuwar ita ce in aka tsaya a harsashi aka ce an gama gini. Wani malami ɗan ƙasar Barazil, Paulo Freire, ya kwatanta irin wannan koyarwa da ajiya a banki: malami ya zuba, ɗalibi ya adana, ranar jarrabawa a cire. Abin da aka zuba shi ne zai fito, ba ƙari, sau da yawa ma da ragi.

Mutanen Minna sun fi kowa kusa da wurin da ake auna wannan ajiya. A garin nan hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO take, wadda aka kafa a 1999 zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, ta kuma shirya jarrabawarta ta farko ta kammala sakandare a shekara ta 2000. A 1999 ɗin nan aka yi dokar hukunta masu satar amsa, duk da haka har yanzu hukumomin jarrabawa suna fama da wannan cuta. Akan ɗora laifin a kan lalaci da son banza, akwai kuwa gaskiya a ciki. Amma saiwar ta fi haka zurfi. Yaron da ya yi shekara goma sha biyu ana nuna masa cewa amsa kaya ce da ake karɓa a hannun wani a mayar wa wani, me zai hana shi ganin cewa karɓa daga wayar hannu ko daga takardar maƙwabci duk ɗaya ne? Wanda ya taɓa ɗanɗana daɗin warware matsala da kansa ya san abin da yake yasarwa in ya yi sata. Wanda bai taɓa ba, tsoron kamu kaɗai ke tsare shi, tsoron kamu kuwa ba gaskiya ba ne.

Illar ba ta ƙarewa a ɗakin jarrabawa. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu ta waya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye, mutane ba iyaka sun aikata, har da masu manyan takardun makaranta. Wasu sun kwanta asibiti, an kuma ba da labarin mutuwar wasu. Ba mugunta ta sa 'yan'uwa suka tashi juna daga barci ba, ƙauna ce. Abin da ya ɓace shi ne tambayoyi uku da ya kamata kowane ɗan makaranta ya saba da su: Wa ya faɗa? Ta yaya ya sani? Mene ne zai nuna cewa ba haka ba ne? Yau da labari yake yawo a WhatsApp da Facebook fiye da wutar daji, yaron da ba shi da waɗannan tambayoyi kamar gida ne ba ƙyaure.

Nauyi mafi girma yana wuyan malami, kuma ba shi da sauƙi. Aji cike maƙil, manhaja mai tsawo, zangon karatu gajere; karanta wa yara su kwafa ya fi sauri. Ban da haka, malamin da ya buɗe ƙofar tambaya wata rana za a tambaye shi abin da bai sani ba. A nan ake gane halinsa. In ya rufe jahilcinsa da bulala, ya koya wa aji duka cewa mai iko ba ya kuskure. In ya ce, "Ban sani ba, amma gobe za mu dubo tare," ya koya musu tawali'u da gaskiya a lokaci ɗaya, darajarsa kuma ba ta ragu ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana jiran ɗaliban da za su zama injiniyoyi. Gada da madatsar ruwa ba su san takardar shaida ba. Wanda bai iya tambayar dalili ba, aikinsa zai tona shi.

Gida ma makaranta ce. Yaron da ya haddace cewa Kainji da Shiroro da Zungeru duk a Jihar Neja suke, ga shi yana karatu da tocila, zai iya cewa, "Baba, ina wutar take tafiya?" Uba na iya cewa ya yi shiru. Yana kuma iya bayyana masa cewa wutar tana shiga babban layin ƙasa ne a rarraba, sa'an nan ya tambaye shi, "Kai a ganinka, yaya ya kamata a raba?" Minti biyar ke nan, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyalin masu bi ba su da dalilin jin tsoron wannan. Luka ya ba da labarin Yesu yana ɗan shekara goma sha biyu a Haikali, zaune tsakanin malamai yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi, daga nan ya koma Nazarat yana yi wa iyayensa biyayya. Littafin Ayyukan Manzanni ya yabi mutanen Biriya domin sun bincika Nassi kowace rana su tabbatar da abin da Bulus ya koya musu. Saurare, tambaya da biyayya sun zauna a wuri ɗaya.

Amsar da ta dace da yarinyar nan ba ta da tsawo. Akwai mutane a bakin kogin, sun kuma san shi sarai. Abin da Park ya yi shi ne ya kai wa mutanen Turai labarin abin da ya gani da idonsa, cewa a can Segu ruwan gabas yake nufa. Yarinyar da aka ba wannan amsa ta ƙaru da tarihi, ta kuma koyi cewa in magana ta shige mata duhu, akwai babban da za ta tambaya cikin ladabi ya amsa mata da gaskiya. Wadda aka tsawata wa za ta ci jarrabawa ita ma, sai dai ba za ta sake ɗaga hannu ba.