Hannun Jari Ko Caca?

Idan attajirin Lambara ya ba falke kuɗi ya yi fataucin shanu bisa sharaɗin raba riba, malaman Malikiyya suna kiran wannan ƙiradi. Halal ne, ko da yake jarin na iya nutsewa. Ashe ba haɗarin hasara ke mai da ciniki caca ba. Abin dubawa shi ne inda ribar ta fito. Ta shanu daga wahalar hanya take.

Amma a 2007 mutane suka riƙa cin bashin banki mai ruwa suna sayen hannun jarin kamfanonin da ba su ma san sana'arsu ba, fatansu kurum wani ya saya da tsada gobe. Wannan ɗan'uwan caca ne. Daga Maris 2008, cikin shekara guda, kasuwar hannun jari ta Ikko ta zubar da fiye da rabin darajarta, bashin kuwa yana wuyansu.