Abokin Nesa da Maƙwabcin Kusa: Wa Ke da Laifi?

Ga wata tambaya da nake so mu ɗan tauna tare. Idan ƙaramar ƙasa ta ƙulla ƙawancen soja da manyan ƙasashe na nesa, maƙwabciyarta mai ƙarfi kuma ta fusata, shin wa ke da alhakin ɓacin zumunci? Wanda ya nemi mafaka ne, ko kuwa wanda ya sa aka nemi mafakar? Don kada mu yi ta shaci-faɗi, bari mu dubi ƙasar Finlan da Rasha, waɗanda tsawon iyakarsu ya kai kilomita 1,340.

A 1939 Tarayyar Sobiyet, wadda Rasha ta gada, ta auka wa Finlan da yaƙi. Kafin ƙura ta lafa a 1944, Finlan ta rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta. Ganin haka sai shugabanninta, Paasikivi da magajinsa Kekkonen, suka zaɓi hanyar lallami. Suka ƙi karɓar agajin Amurka na shirin Marshall a 1947, suka sa hannu kan yarjejeniyar abota da Mosko a 1948, suka kuma nisanci ƙungiyar tsaro ta NATO. Dabarar ta yi rana, domin Finlan ta tsira da zaɓenta da jam'iyyunta, tankokin da suka shiga Hungari a 1956 ba su taka ta ba. Amma fa ba a banza ta sami wannan ba. 'Yan jarida da 'yan siyasa sun koyi kame baki, har ma a 1958 wata gwamnatinta ta faɗi saboda Mosko ta ɓata rai.

Da Rasha ta kai wa Yukiren hari a watan Fabrairu na 2022, sai mutanen Finlan suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. A watan Mayu suka nemi shiga NATO, ran 4 ga Afrilu 2023 aka karɓe su. Zumunci ya yi tsami, ciniki ya ja baya, a ƙarshen 2023 kuma Finlan ta rufe ƙofofin iyakarta da Rasha.

To, adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren. Rasha za ta ce an kawo mata abokan hamayya har bakin ƙofa, dab da babban birninta na biyu, Santa Fitasbag. Tsoron nan ba na Rasha kaɗai ba ne. A 1962, da Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kyuba, Amurka ta kusa jefa duniya cikin yaƙi. Ashe halin manya ɗaya ne, ba wanda ke son baƙo mai takobi a gidan maƙwabcinsa.

Duk da haka, ni a ganina tsoron mai ƙarfi ba ya ba shi iko da gidan mai rauni. In da yana bayarwa, da kowace ƙaramar ƙasa ta zama baiwar wadda ta fi ta girma. Sobiyet da kanta tana cikin ƙasashe 35 da suka sa hannu a Helsinki, babban birnin Finlan, a 1975, cewa kowace ƙasa na da 'yancin shiga ƙawance ko ƙin shiga. Daɗa kuma Finlan ta yi shekara fiye da 70 tana haƙuri, ba ta motsa ba sai da ta ga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wanda ya tsaga bangon kuwa shi ke da babban kaso na laifi.

Amma wanda ya sami gata shi ma da nauyi a wuyansa. Ya gina katanga ta kare kai, kada ya yarda a mai da gidansa tsanin hawa gidan wani. Abokin nesa yana iya sauya ra'ayi ya kama gabansa, maƙwabci kuwa yana nan yau, yana nan gobe, dole wata rana a zauna da shi a tabarma ɗaya.