Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Motar Nan

Zauna, ɗana. Jawo tabarmar nan kusa, ba don faɗa na kira ka ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, raina ya sosu da na ji zancen motar nan a bakin 'yan majalisa kafin in ji shi daga bakinka. An ce har hoto ka ɗauka ka jingina da ita ka ɗora a waya, alhali ko kafin alƙalami ba ka bayar ba. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ko rumfa zai kama sai mun zauna a soron nan mun juya maganar. Kai kuma za ka ɗaura wa wuyanka bashin shekara 3 ba ka ce da Baffanka uffan ba.

Ban hana ka hawa mota mai kyau ba. Ka daɗe kana sammako zuwa Kantin Kwari, guminka ne, kuma Allah bai haramta wa bawa jin daɗin halalinsa ba. Abin da bai yi mini ba shi ne yadda ka shiga cinikin. Kai fa jikan 'yan kasuwar Kurmi ne. In mace ta shigo shagonka ta rungume turmin atamfa tana cewa ita dai wannan take so, ai ka san maganar ragi ta ƙare. To haka ka yi wa dillalin nan. Ya ga idonka tun kafin ka buɗe baki, shi ya sa bai tsaya gaya maka kuɗin mota ba, sai ya tambaye ka nawa za ka iya biya a wata. Kai kuma ka faɗa masa.

Miƙo mini takardar. Sun ce Lexus ɗin naira miliyan 40 ce lakadan. Za ka ajiye miliyan 12, sannan ka riƙa biyan miliyan 1.3 duk wata har wata 36. Ka ɗauki alƙalami ka haɗa? Biyan watannin kaɗai miliyan 46.8 ne. Ka ɗora abin da ka ajiye, ya zama miliyan 58.8. Wato miliyan 18.8 ka ƙara a kan kuɗinta don kawai an yi maka ajali. Dila nawa na shadda wannan zai sauke maka a shago? Kai abin wata kake kallo don shi ne ƙarami, su kuwa jimla suke kallo.

Don haka in za ka koma, ka fara da cinikin motar kanta, kamar mai kuɗi a aljihu. Ka taya, a ce albarka, ka ƙara kaɗan, har a sallama. Sai farashin lakadan ya tsaya da ƙafarsa sannan ka kawo zancen biya kaɗan-kaɗan, domin duk miliyan ɗayan da ka zabge daga tushe, ta tafi da ribar da za a ɗora mata. Bayan nan ka ja ribar ita ma, ka ja watannin. In suka ce za su sauƙaƙa maka ta hanyar ƙara wata goma sha biyu, ba sauƙi ba ne, igiya suka tsawaita. Ka je wuri uku aƙalla, kowa ya rubuta maka nasa, ka nuna wa wannan takardar wancan. La'adar dillali a faɗe ta a fili tun farko, a san wa zai biya. Kuma kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da wanda motar ba ta burge shi ba, wanda in magana ta ƙi zai taɓa ka ya ce tashi mu tafi. Mai saye ba shi da makamin da ya fi takalminsa.

Sai babbar tambaya, wadda na lura ba ka iya amsa mini ita ba ɗazu: haya ce ko saye? Abin da kuke gani a waya na mutanen Amurka da Ingila, da yawansu haya ce zalla. Mutum ya hau sabuwar mota shekara 2 ko 3, an ƙayyade masa iyakar tafiyar da zai yi da ita a shekara, in ya wuce a ci shi tara, wa'adi ya cika ya mayar musu da abarsu. Mu a nan abin da muka fi sani shi ne a biya a mallaka, irin wanda yaran unguwar nan suke karɓar A Daidaita Sahu da shi tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013. Ka san su, ka san wanda ya biya fiye da rabi, ciwo ya kwantar da shi sati uku, aka zo aka ɗauke mashin, abin da ya zuba ya bi ruwa. Shi ma fa nasa abin hawan kullum yana shigo da kuɗi. Taka ci kawai za ta yi.

Yanzu akwai hanyoyin da babu su a zamaninmu. Bankin Jaiz ya buɗe a 2012, kuma Kano na cikin garuruwa ukun da ya fara da su, daga baya wasu bankunan marasa kuɗin ruwa suka biyo. Suna da murabaha: su sayi motar, su sayar maka da riba sananniya, kuma in an yanke farashi ba ya ƙara hawa. Suna da ijara: motar tasu ce, kai kana biyan haya, a ƙarshe ta koma hannunka. A ƙa'idar ijara, abin da ya shafi mallaka yana wuyan mai ita, abin da ya shafi hawa yana wuyanka. To ka tambaya a rubuta maka baƙi da fari. In an sace ta ko ta ƙone, wa ya yi asara? In na makara wata guda, me zai faru, kwana nawa za a ɗaga mini? In aka karɓe ta aka sayar, rarar kuɗin tawa ce? In Allah ya hore mini na biya kafin lokaci, za a rage mini? Kuɗin hayar tsayayye ne, ko zai motsa in abubuwa suka motsa? Ka kai takardar wurin malamin da ya san mu'amala, ka kai ta wurin lauya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kai kuma kana shirin sa hannu a shafi goma sha wani abu da ba ka karanta ba, don kunyar kada a ce ba ka waye ba.

Sannan sayen doki daban, ciyar da shi daban. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Aka cire tallafi, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kuma wannan mai silinda shida ba ta san ana tsada ba. Inshora kuwa, tunda motar bashi ce, cikakkiya za su ce ka yi, kuma tun Janairun 2023 hukumar inshora ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Miliyan 2 ke nan duk shekara, ko takaful ka yi sai ka tanadi makamancin haka. Kayan gyaranta da dala ake shigo da su, ka kuma ga inda dala ta kai tun da aka saki naira. Kafin ka ce kana so, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin fitilarta guda ɗaya da madubin gefe. Ka kai ta wurin bakanikenka, ba na dillali ba, ya ɗaga ta ya duba ko ta taɓa yin haɗari ko ta sha ruwa. Takardar kwastan kuma a tabbatar da ita a ofishinsu, don a farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma ba kowace ta Kwatano ce ta biyo ta ƙofa ba. In aka kama ta a hanyar Abuja, kai za ka ci gaba da biyan wata.

Af, ina ma za ka ajiye ta? Lungunmu ko amalanke biyu ba sa giftawa. A bakin titi za ta kwana, kana biyan mai gadi, kana tashi tsakar dare in ka ji motsi. Damina ta zo, ka san yadda hanyar Jakara take zama.

Ni motata ta farko Fijo 504 ce, haɗin Kaduna, ta hannu, kuma sai da na kwashi adashe biyu na saye ta. Ban ce ka yi irin tawa ba, zamani ya juya. Abu ɗaya dai bai juya ba: jari ba a hawansa. Kuɗin wata daga riba zai fito, kuma ba ribar watan azumi ba, lokacin da Kwari ba masaka tsinke. Ka auna da watan da ya fi kowanne mutuwa, bayan babbar salla, sanda za ka wuni kana korar ƙuda. Ka cire cefane, kuɗin makarantar yara, maganin mahaifiyarka, hakkin yaran shago, da zakkarka. Abin da ya rage ka raba biyu. In rabi ɗaya ya ɗauki biyan wata da mai da inshora, bismilla, ni zan fara sa mata albarka. In bai ɗauka ba, ka sauko ka nemi wadda ta girme ta da shekara uku ko huɗu, ko ka ƙara haƙurin shekara guda ka tara kafin alƙalami mai kauri. Masu tafa maka a majalisa ba wanda zai kawo maka ko sisi ranar da wata ya mutu.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan azahar, ka zo mini da littafin shagonka na shekarar bara gaba ɗaya. Mu zauna mu fitar da lissafin, sannan mu wuce Ƙofar Ruwa tare. Hoton nan kuma ka sauke shi daga wayar tun daren nan. Tashi ka shiga ka gai da Gwaggonka, tun ɗazu take tambayar ka.