Makullin Asusu da Makullin Biro, Amana Guda Ce

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ɗora wa ɗan Adam amana kuma zai tambaye shi a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka laƙaba wa Al-Amin tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa da masu bin su da kyautatawa har ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa yanzu muna da ɗiyanmu mata masu shugabantar makarantu, da masu riƙe lissafin kuɗin ma'aikatu, da waɗanda maza da mata ke aiki ƙarƙashinsu. Tambayoyi sun yi yawa a kan wannan lamari, daga mazajensu da uwayensu da su kansu. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi bayani gwargwadon abin da Allah Ya sanar da mu.

Mace mai riƙe da ragamar jama'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Fadar Katsinan Maraɗi ta san Iya, fadar Gobir a Tsibiri ta san Inna, ko da yake sarautun nan sun cuɗanya da al'adun bori waɗanda shari'a ba ta yarda da su ba. A ƙasar Sakkwato kuwa, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis su jagoranci ƴan taru domin kai ilimi ga matan ƙauyuka. A zamaninmu, cikin shekarar 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusu na Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi, kuma daga nan ya bazu cikin ƙasashen Afirka masu yawa. A tsarin da ya bazu, mata suna haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi, akwatin yana da kwaɗo uku, makullansa suna hannun mata uku dabam-dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai tuyar ƙuli-ƙuli da mai sarin zogala daga lambunan Jiratawa a nan suka koyi ƙidaya da rubuta bashi da jan taro. Sannan dokar shekarar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 25 cikin 100 na manyan muƙaman da gwamnati ke naɗawa. Ƙofa dai ta buɗe. Abin da ya rage shi ne mu san hukuncin shigarta da ladubbansa.

Game da hukunci, malamai sun ɗauki hadisin Abu Bakrata, wanda ya zo lokacin da Farisawa suka naɗa ɗiyar Kisra, a kan shugabancin al'umma baki ɗaya. A kan alƙalanci sun yi saɓani: Malikiyya sun hana, Hanafiyya sun yarda in ban da haddi da ƙisasi. Amma kula da dukiya da wakilci da tafiyar da aiki, dalilan halaccinsu a bayyane suke. Nana Khadija ta ɗauki maza aikin fatauci da dukiyarta. Sayyidina Umar ya yi wasiyya cewa ɗiyarsa Hafsa ce za ta kula da waƙafinsa bayan rasuwarsa, kuma a wurinta aka ajiye takardun Alƙur'ani da aka tattara zamanin Abubakar, har Usmanu ya aika aka karɓo su domin a kwafa. Ibn Abdil Barr ya ambata cewa Umar yakan ɗora wa Shifa'u ɗiyar Abdullahi wani abu na lamarin kasuwa. Ibnul Arabi ya musanta ingancin wannan riwaya, amma waƙafin Hafsa kaɗai ya ishe mu hujja. Sharaɗi shi ne sutura, da nisantar keɓewa da namijin da ba muharrami ba, da yardar miji, da kiyaye haƙƙin gida.

Ma'aunin wanda ya cancanci aiki kuwa, Allah Ya kawo shi ta bakin mace. A Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ce ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfi a biro shi ne sanin aiki. Wadda aka ba lissafi ta koyi lissafi har ta ƙware, wadda aikinta ke buƙatar kwamfuta ta zauna ta koye ta, domin tsoron Allah ba ya gyara kundin da aka rubuta da jahilci. Idan ta ƙware, babu laifi ta nemi ƙarin matsayi da bakinta, kamar yadda Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya kafa hujja da tsaronsa da iliminsa. Abin da ya haramta shi ne neman girma ta hanyar toshiyar baki, ko kai tsegumin abokan aiki, ko sayar da mutunci.

Ya ke ƴar'uwa mai hawa matakan aiki, ki sani lokacin da kike riƙe da makulli ɗaya na asusu, mata biyu suna taya ki tsaro. Ranar da kika zama shugaba, sa hannunki kaɗai yana iya fitar da miliyoyin sefa, kuma masu ganinki sun ragu. Nan ne jarrabawa take. Za ta fara zo miki da sunan goro: turmin atamfa daga ɗan kasuwar da ke neman kwangila, ko rago ana jibi salla. Ki tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani kaso da cewa kyauta aka yi masa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna da mutumin ya zauna gidan uwayensa da kyautar ba ta same shi ba. Duk abin da kujera ta jawo miki ba naki ba ne.

Za ta kuma zo miki ta bakin dangi, wannan kuwa ta fi zafi. Ƙanen miji yana son aiki bai cancanta ba, goggo tana son rance daga kuɗin ma'aikata zuwa ƙarshen wata, idan kin hana a ce kin manta asalinki. Ki sada zumunci da albashinki, ki bar kuɗin jama'a inda suke. Ki rubuta kowace dala da ta shiga da wadda ta fita. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ki nemi a binciki lissafinki tun ba a zarge ki ba. Haka nan muna kira ga shugabannin asusu su sani rancen da aka sharɗanta wa ƙari kuɗin ruwa ne, haramun ne ko da ƙarin zai koma cikin akwati. Su tambayi malamai a kan ƙiradi da sayar da haja bashi a kan farashi sananne.

Mu maza kuma akwai namu nauyi. Albashin mace dukiyarta ne, kamar yadda aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo daga abin da suka tsiwurwurta, kuma ciyarwa tana nan a wuyan miji ko matarsa ta fi shi samu. Wanda ya yarda matarsa ta yi aiki, kada ya mai da ita tsani zuwa baitulmali. Sannan mu kiyayi harsunanmu a majalisu da bakin masallatai. Da an ƙara wa mace matsayi sai a fara tambayar wa ta sani, da me ta biya. Jifan kamammiyar mace da alfasha yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kuma Suratun Nur ta yanka wa mai yin sa bulala 80 idan bai kawo shaidu huɗu ba. Mace nawa mai amana ta ƙi karɓar muƙami don tsoron bakinmu, aka ba wanda ya cinye dukiyar talakawa?

Allah Ya sa ɗiyanmu su zama masu ƙarfi da amana, Ya tsarkake abincinmu daga haram, Ya shiryi shugabanninmu maza da mata, Ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.