Me Ya Hana Kaɗanya Faɗuwa?

Duk wanda ya bi hanyar Suleja zuwa Minna ya iso Lambata zai lura da abu biyu: buhunan gawayi jere a bakin titi, da gonaki waɗanda kusan ba abin da ya rage a tsaye cikinsu sai kaɗanya da ɗorawa. Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Na taɓa jefa wa ɗalibaina wannan tambaya don mu gwada ilimin manɗiƙi, wanda malaman zaure ke karantarwa daga Sullamu na Al-Ahdari tun kafin zuwan boko: me ya sa kaɗanya ta tsira, sauran itatuwa suka tafi?

Na farko ya ce ƙarfi ne, domin ɓawonta mai kauri yana kare ta daga gobarar daji. Muƙaddimarsa gaskiya ce, amma natijarsa ta yi tsalle. Ɓawo yana jure wuta, ba ya jure gatari. Ya tambayi waɗanda ke tsaye, ya manta da waɗanda suka faɗi, alhali kututture ma shaida ne.

Na biyu ya ce amfani ne ya cece ta: mata na samun man kaɗe daga gare ta, kamar yadda ɗorawa ke ba da kalwar daddawa, shi ya sa manomi ke kewaye ta idan yana sharar gona. Wannan ya fi kusa. Sai dai ƙa'idar manɗiƙi ita ce, misali ɗaya da ya saɓa ya isa ya rusa hukunci na gaba ɗaya. Ga madobiya nan. Kyawun katakonta ya sa aka yi ta saranta ana lodi zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES ta ƙara tsaurara kariyarta a 2016, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Amfani ne ya kashe ta.

Ashe ke nan hukuncin na buƙatar gyara: itacen da amfaninsa ke cikin rayuwarsa shi ake bari, wanda amfaninsa ke cikin gawarsa shi ake sarewa. A nan ne hankali ke tashi, domin kaɗanya tana da duka biyun. Gawayinta mai kyau ne, kuɗinsa kuma a hannu yake yau, alhali sabon tsiro kan kai shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Kuma tun da aka rage barin gona ta huta, garma na tumɓuke 'yan ƙanana. Tsofaffin da muke gani suna iya ɓoye mana zuriyar da ta yanke.

Tambayar ta tashi daga kan itace ta dawo kanmu. Mutumin da kuɗin makarantar ɗansa ya matsa masa, ya ɗauki gatari, bai yi kuskuren lissafi ba. Lissafinsa ne ya tsaya a kan yau. Mu da ke sayen gawayin a birni muna zarginsa, mu ne muƙaddimar da ya gina hujjarsa a kai. Kaɗanyar da ke Lambata wani ne ya ɗaga gatari shekaru da dama da suka wuce, ya dube ta, ya sauke. Mun ci gadon haƙurinsa. Wanda zai bi wannan hanya bayan shekara 30, haƙurin wa zai tarar a tsaye?