Muryar da Ba Ta Yanke Ba

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

A konceton goge na Felix Mendelssohn, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Jamus, ba a yi wa mai sauraro shimfiɗa. Al'adar zamaninsa ita ce taron makaɗa su daɗe suna share fage kafin mai goge ya shigo. Shi kuwa ko numfashi bai bari an ja ba, sai ga goge can sama yana kuka. Ya ɗora wannan kashi na farko a kan E maina, ki mai ɗauke da damuwa, ya ce a kaɗa shi da sauri da zafin zuciya. Haka wasu ranakun suke faɗo mana. Ido bai gama buɗewa ba, tunanin kuɗin makaranta ko na mara lafiya a asibiti ya riga ya kama zuciya.

Tun 1838 kiɗan yake ransa, bai kammala ba sai 1844, yana ta shawara da amininsa Ferdinand David, wanda ya fara kaɗa shi a Leipzig ranar 13 ga Maris, 1845. Daga nan kowane gwani da irin tafiyarsa. Faifan Jascha Heifetz na 1959, tare da makaɗan Boston, gudu yake yi, cikin kimanin minti 24 an gama. Na mai goge Yehudi Menuhin da jagoran makaɗa Wilhelm Furtwängler, wanda suka ɗauka da makaɗan Berlin a 1952, ya fi natsuwa, kuma shi na fi so da asuba. Akwai nauyi a bayansa: gwamnatin Nazi ta taɓa hana kiɗan Mendelssohn don asalinsa Bayahude ne, sai ga Menuhin, shi ma Bayahude, yana kaɗa shi da Jamusawa shekara bakwai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

To, ko da gudu aka zo ko da natsuwa, akwai wurin da kowa yake tsayawa. Kashi na farko yana ƙarewa da ƙarfi, makaɗa duka su sauke a lokaci guda. Nan ne mutane za su so su tafa. Amma ba a ba su fili ba, domin mai busa basun, wani dogon abin busa na katako mai kaurin murya da ke zaune can baya, bai saki tasa muryar ba. Murya ɗaya tak, B, ya riƙe ta shi kaɗai. Mai gogen da ake kallo ya sauke hannu. Sai wannan muryar ta ɗaga kaɗan zuwa C, rabin taki, tazarar da 'yan kwaya suka sani tsakanin ti da do. Sauran kayan kiɗa su shigo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har a isa C mejo, inda goge zai rera waƙa mai kwantar da rai. Tsakanin tashin hankali da salama, abin da ya haɗa su ke nan. Ba na gajiya da komawa wannan wuri.

Mendelssohn ya san labarin annabi Iliya sarai, har ya tsara babban kiɗa a kansa, aka fara rera shi a Birmingham ta Ingila a 1846. Ka duba karatunmu na yau. Mutumin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ga shi yana gudun Yezebel, ya kwanta a gindin itace a jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Abinci da ruwa aka ajiye masa, aka bar shi ya yi barci, aka sake tashe shi ya ci. A Horeb iska ta wuce, ƙasa ta girgiza, wuta ta biyo, amma a cikin sautin da sai an kasa kunne ake ji ne Ubangiji ya same shi. Iliya ya ɗauka kiɗan ya ƙare, shi kaɗai ya rage. Ashe akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila addu'arka ta ragu ta koma kalma ɗaya, wataƙila sunan Yesu kawai bakinki yake iya furtawa. Kada ku raina wannan. Ba da ƙarfin muryarmu ake ƙetare irin wannan wuri ba; Mai aminci ne yake riƙe da mu sa'ad da namu ƙarfin ya ƙare.

Kashi na ƙarshe na konceton yana da abin da zai ƙara mana. Bayan ɗan gajeren waiwaye zuwa damuwar farko, kiɗan ya ɓarke da murna a E mejo. E ɗin nan da aka fara kuka a kai, a kanta aka gama da rawa. Iliya ma hanyar da ya biyo aka ce ya koma, aikinsa na jiransa, da Elisha da zai shafe. Gidan da ka kwana jiya shi za ka koma yau, da mutanensa da basussukansa, amma ba kai kaɗai za ka shiga ba.

Idan kuwa kai ne mai hutu a wannan lokaci, tuna da wanda murya ta ɗauke masa a ikilisiyarku ko a unguwa. Kira shi kafin rana ta yi tsaka, ko ka kai masa abinci ka zauna, ba sai ka yi wa'azi ba.

Addu'a: Ya Uba, ka riƙe ni yau a inda ƙarfina ya tsaya. Ka buɗe kunnena in ji ka, ka kuma nuna mini wanda zan tsaya wa. A cikin sunan Yesu, amin.