Kuɗin Aiki da Haƙƙin Suna: Batun Jack Kirby

A Guci, kamar sauran garuruwan ƙasar Magarya da Dungas, idan attajiri ya fito ranar salla da babbar riga mai aska takwas, sai a ce rigar Alhaji ta yi kyau. Ba kasafai ake tambayar wanda ya yi watanni yana tanƙware da allura a zaure ba. An biya shi, magana ta ƙare. To amma ta ƙare ɗin?

Wannan tambaya ce ta dabaibaye rayuwar Jack Kirby, mai zanen labarun jarumai na Amurka, wanda aka haifa a birnin New York a 1917, ya rasu a 1994. Shi da Joe Simon suka ƙago Captain America a 1941. Daga 1961 kuma, tare da Stan Lee a kamfanin Marvel, ya fito da Fantastic Four da Hulk da X-Men, sannan Black Panther a 1966, baƙin jarumi sarkin wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka.

Hannun Kirby ba ya ɓuya. Jaruminsa ba ya tsayawa cik. Kullum cikin zabura yake, dunƙulallen hannunsa ya fi kansa girma, kamar zai ɓarko takardar ya sami mai karatu. Inda wani zai zana walƙiya, shi sai ya yayyafa baƙaƙen ɗigo-ɗigo, ido ya ga ƙarfi yana tafasa. Sau da yawa shi ke tsara labarin da zanensa, ya rubuta bayani a gefen shafi, daga baya Lee ya sa wa jaruman magana a baki. An rubuta sunansa a matsayin mai zane, amma mallaka ta kamfani ce, jama'a kuma Lee suka sani.

Mai kare kamfani yana da hujja, kuma ba ƙarama ba: Kirby ya san sharaɗin, ya karɓi kuɗinsa a kan kowane shafi, kamar maɗinkin riga. Sai dai riga ɗaya ce, mutum ɗaya ke sa ta har ta tsufa. Zanen Kirby kuwa haihuwa yake yi, har kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4. Sa'an nan aska takwas gado ne na kowa, maɗinki tarar da ita ya yi, alhali Kirby ya kawo abin da babu shi a da.

Kwaikwayon salonsa da masu zane da dama suka yi ba laifi ba ne. Haka ake koyon kowace sana'a, yaro ya bi hannun maigidansa. Amma a al'adar karatun zaure, malami yakan ambaci wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, ko da ya biya sadakar karatu tun tuni. Kuɗi na biyan wahalar aiki, ambaton suna kuwa shaida ce a kan abin da ya faru, shaida kuma ba kayan sayarwa ba ce.

Sai a 1987 Marvel ta mayar masa da wani kaso na shafukan da ya zana da hannunsa. Magadansa sun yi ta shari'a da kamfanin har suka sasanta a 2014, shekara 20 bayan rasuwarsa. Da fim ɗin Black Panther ya fito a 2018, sunansa na nan rubuce kusa da na Lee.